Tsuntsayen da na zana ina jinyar TB

Ranar da likita ya ce min TB ne a huhuna, wato tarin fuka, wallahi ban ma ji sauran bayanin ba, sai da muka dawo gida Abban yara ya sake maimaita min, wai wata 6 zan yi ina shan magani kullum da sassafe kafin in sa komai a bakina, wata 2 na farko kala huɗu a haɗe sannan a rage ya koma biyu, kuma kyauta ne ko sisi ba a biya. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya min zuciya shi ne da aka ce in ja baya da yara na ɗan lokaci, aka ɗauke autata 'yar shekara 2 aka kai ta wajen Hajiya a Tudun Wada, yarinyar da ba ta iya barci sai a bayana.

Ƙanwata ce ta shigo min da fentin ruwa irin na 'yan makaranta da buroshi biyu da kwali, ta ce Yaya ke da kike zane a sakandare ki riƙa rage zaman shiru da wannan. Sun fi sati a gefen gado ban taɓa ba. Sai wani dare gumi ya hana ni barci ina ta latse-latsen waya na ci karo da bidiyon wata farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, suwan ake ce mata, mu nan ba mu da ita, a Turai da makamantansu take. Tana tafe a ruwa 'ya'yanta biyu sun hau bayanta sun lafe tsakanin fukafukai, mijin na biye da sauran. Na maimaita ya fi sau ashirin ina hawaye. Ashe ma ana goyo a cikin tsuntsaye.

Na shiga bincike a kansu. Uwar kan yi kusan sati 5 tana kwanci, 'ya'yan kuma ba farare suke fitowa ba, ruwan toka ne, sai sun kusa shekara farin ke kankama. Mace da miji kan daɗe tare shekara da shekaru, su biyu suke tsaron 'ya'ya.

Zanen farko bai yi ba, na biyu ma haka, don farin fenti nake ta laftawa a kan farar takarda sai tsuntsuwar ta fito kamar an zubar da koko, ga hannuna na rawa, minti ashirin in na yi sai na kwanta. Daga baya na daina faɗa da gajiyar, in na yi shafe ɗaya sai in kishingiɗa, dama fentin ruwa sai ya bushe ake ƙara wani a kai, da hunturun Kaduna kuwa kafin in huta ya bushe ƙarau.

Bayan wata 2 aka sake gwada majina aka ce Alhamdulillah ba a ga ƙwayar ba. Ranar na roƙi Abban yara ya kai ni Gamji Gate, wurin shaƙatawar nan na bakin kogin Kaduna, da la'asar, na sa takunkumi saboda ƙura, muka zauna kusa da tsohuwar gadar Gwamna Lugga ɗin nan da aka ɗauko daga Zungeru. Ruwan kogin ya ja baya duwatsu sun fito, ga balbelu a kai. Ni da aka haifa a garin nan ban taɓa tsayawa na kalli balbela ba sai ranar. Na ƙura wa guda ɗaya ido, sai na ga ƙarƙashin fiffikenta shuɗi-shuɗi ne da ɗan toka, bayanta inda rana ke duka kamar an shafa man shanu, asalin farin ɗan kaɗan ne. Muka yi awa guda ban ce uffan ba, tun da na kwanta ban ji ƙirjina ya saki irin na ranar ba.

Da na dawo sai na ajiye farin fentin gaba ɗaya. Na zana ruwan da inuwar, na bar takarda yadda take a wurin jikinsu, sai ga su sun fito da kansu, uwa da uba da 'ya'ya biyar, ɗaya a goye. Ruwan ma ban yi shi shuɗi irin na bidiyo ba, kalar na kogin Kaduna na yi.

Ba na cewa zane ne ya warkar da ni, Allah ne ya ba da lafiya ta hanyar maganin nan, kuma don Allah duk mai sha kar ya daina don ya ji sauƙi, a wata na 3 ni ma zuciyata ta raya min haka, nas ta ce Maman yara in kika yanke zai iya dawowa ya ƙi jin magani. Na shanye har ƙwayar ƙarshe.

Ranar da Hajiya ta dawo min da auta zanen na jingine a bango. Ta tsaya tana kallo, ta ɗora yatsa kan ɗan tokan nan da ke bayan uwarsa ta ce "goyo", sai ta juya ta jawo zanina daga kan gado ta miƙo min.