Muryar da ke karanta mana sanarwar jana'iza

Baƙo ne kawai yake ganin Kumasi ta ƙasar Ghana a matsayin babban birni. Mu da muke zaune a Aboabo da Asawase da Sawaba da Sabon Zango, zamanmu irin na ƙaramin gari ne, inda kowa ya san gidan su wane, ya san masallacin da yake salla, ya kuma san wanda ya aurar masa da 'ya. Sai dai garin namu ya warwatsu, domin tsadar haya da ƙuncin ɗakuna sun kori iyalai da dama zuwa bayan gari, har ta kai mai shela ba zai iya zagaye mu da ƙafa ba. Aikin da mai shela ya bari, tashar rediyo mai magana da Hausa ce ta ɗauke shi, kuma a ganina darajarta duka a kan wannan aiki ta rataya.

Abin da ya fi nuna haka shi ne sanarwar rasuwa. Maƙwabtanmu Asante sukan ajiye gawa a ɗakin sanyi na asibiti makonni, wani lokaci watanni, su buga takardun gayyata, su kafa hoton mamaci a bakin titi, dangi su zo daga ko'ina a tsanake. Mu kuwa sa'o'i kaɗan gare mu. Wanda ya cika da asuba, ana so a sallace shi bayan azahar, a kai shi makabartar Tafo kafin la'asar ta yi nisa. A cikin wannan ɗan tsakani dole labari ya iske mai yankan nama a mayanka, da direba a tashar Kejetia, da tsohuwar da ke gida ba ta iya karanta saƙon waya. Saboda haka ne ake aika yaro da takarda da ɗan kuɗi zuwa tasha, mai gabatarwa ya yi salati, ya ambaci sunan mamaci da laƙabin da aka fi saninsa da shi, ya faɗi gidan da ya fito da masallacin da za a yi salla, sannan ya jero 'ya'ya da surukai da suke sanarwa. Jerin sunayen nan da wasu matasa suke gani ɓata lokaci ne, shi ne yake sa mai sauraro ya gane ko makokin ya shafe shi, domin sau da yawa ba mamacin ka sani ba, surukinsa ne abokin cinikinka. Bayan haka sanarwar addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in za su biyo, tare da ɗaurin aure da suna, da cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa, da katin shaidar ɗan ƙasa da aka tsinta a cikin mota.

Hausa ba baƙuwa ba ce a rediyon wannan ƙasa. An fara watsa shirye-shirye a Accra ranar 31 ga Yuli, 1935, a zamanin gwamna Arnold Hodson, da wata tasha da ake kira ZOY, wadda take aika sauti ta waya zuwa akwatuna a gidajen masu biya. Tun a shekarun yaƙin duniya na biyu aka sa Hausa cikin harsunanta, kuma gidan rediyon gwamnati na GBC ya ci gaba da ita tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. BBC ta buɗe sashenta na Hausa ranar 13 ga Maris, 1957, mako guda bayan Ghana ta sami 'yancin kai, daga baya kuma na Jamus da na Amurka suka biyo. Iyayenmu sun rayu da waɗannan tashoshi, suna jan eriya suna laluben gajeren zango da asuba, shi ya sa za ka sami dattijo a Yalwa wanda bai taɓa taka Nijeriya ba amma ya san siyasar Kano ciki da waje. Abin da tashoshin nan ba za su taɓa faɗa masa ba shi ne an ɗage jana'izar maƙwabcinsa zuwa bayan la'asar.

Ƙofar ta buɗe ne bayan tsarin mulki na 1992 ya tabbatar da 'yancin kafafen watsa labarai. A 1994 Dakta Charles Wereko-Brobby ya kafa Radio Eye a Accra ba tare da jiran izini ba, jami'an tsaro suka rufe ta ba da jimawa ba, amma a shekarar da ta biyo Joy FM ta fara aiki da lasisi, daga nan tashoshi masu zaman kansu suka yi ta tsirowa. A Kumasi da Twi, harshen Asante, akasarinsu suke magana, kuma na tuna lokacin da rabonmu bai wuce sa'a ɗaya ko biyu da wani malami ko attajiri ya saya a tashar wasu ba, galibi a lokacin da masu ita ba su da bukata. Samun tashoshi irin su Zuria FM a nan Kumasi da Marhaba FM a Accra, waɗanda suke watsa shirye-shirye da Hausa, ya sauya wannan hali ƙwarai.

Akwai masu ƙorafin cewa Hausar da ake yi a tashoshinmu ba ta da tsabta, ana cusa mata Twi da Turanci, ba a kuma bambanta namiji da mace yadda ake yi a Kano ko Katsina. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba da Mosi da Wangara da Kotokoli da Busanga da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa, kuma Hausar zango ce ta haɗa su tun zamanin fataucin goro ta Salaga. Tashar da ta nace sai ta yi magana kamar sashen Hausa na Landan za ta burge 'yan boko, amma mai sayar da koko a bakin masallaci za ta ji ba da ita ake ba.

Amfanin wannan kusanci ya fito fili a 2020, lokacin da gwamnati ta hana fita a Accra da Kumasi daga ranar 30 ga Maris har tsawon mako uku saboda cutar korona, aka dakatar da sallar jam'i, aka kuma taƙaita masu halartar jana'iza zuwa mutum 25. Jawabin shugaban ƙasa da Turanci yake zuwa da dare a talabijin. Washegari kuwa sai an sami wanda zai zauna ya warware wa jama'a shi da Hausa, ya gayyato limami ya bayyana cewa yin salla a gida a irin wannan hali ba saɓo ba ne, ya kuma saurari mai kira da ke tambayar yadda zai ciyar da iyali alhali abincinsa a fitar yau da kullum yake. Haka aka yi a 2007 da aka sauya kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, ko da yake har gobe wasu iyayenmu mata da miliyoyin tsohon kuɗi suke lissafi. Haka kuma ake yi kowace shekara a daren duban wata, gidaje su yi tsit ana jiran abin da ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, zai sanar.

Shirin kiran waya ma ya ba wasu baki waɗanda da ba su da shi. A zaman fadar sarkin zango ko taron kwamitin masallaci, mace ba ta cika samun damar magana ba, yaro kuwa sai dai ya saurara. A rediyo Hajiya takan kira daga ɗakinta, ta yi sallama, ta ce, "Malam, a tambayar mana ɗan majalisar unguwarmu, kwatar bayan gidanmu da ta toshe tun damina ta bara, sai ruwa ya ci yaro za a zo?" Kuma shi wanda ake magana a kansa ya san surukansa suna ji.

To, a nan ne damuwata take. Tashoshinmu na kasuwanci ne, ba irin Radio Ada ba, wadda aka kafa a 1998 a matsayin tashar al'umma mai magana da Dangme, ba don riba ba. Mai tasha yana biyan kuɗin lasisi ga hukumar sadarwa ta NCA, yana biyan wuta, yana sayen man janareta, wanda duk wanda ya ga shekarun dumsor, wato na yawan ɗaukewar wutar lantarki, ya san nauyinsa, kuma manyan kamfanoni sun fi kai tallarsu tashoshin Twi da Turanci masu yawan masu sauraro. Abin da ya rage masa ya sayar shi ne lokaci, kuma duk mai kuɗi yana iya saye. Sai ka ji mai maganin gargajiya ya riƙe rabin sa'a yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, alhali dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana tallar magani ba tare da amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ba. Sai ka ji dillalin tafiya yana yi wa 'yan mata alkawarin aikin gida a ƙasashen Larabawa, ba a tambaye shi takarda ko ɗaya ba. Idan zaɓe ya ƙarato kuwa, musamman a mazaɓar Asawase da siyasarta ba ta taɓa yin sanyi ba, muryoyi ƙalilan ne suke mamaye layin waya, kullum su ne, kowa kuma ya san wanda yake saya musu katin kira.

Akwai kuma wa'azin da yake komawa raddi. Malami ya sayi lokaci ya soki wani ɓangare, na wancan ɓangaren ya sayi nasa ya rama, almajirai su kwashi zancen zuwa majalisar shayi da zafinsa. Saɓanin Tijjaniyya da Ahlus Sunna ya girmi tashoshin nan, amma a da iyakarsa harabar masallaci, yanzu kuwa yana shiga har ɗakin matar da mijinta yake ɓangare ɗaya, mahaifinta yake ɗaya. Ƙasar nan ta ga inda sakin baki a rediyo yake kaiwa: a 2016 Kotun Ƙoli ta yanke wa wani mai gabatar da shiri da baƙinsa biyu ɗaurin wata huɗu saboda barazanar da aka yi wa alƙalai a wata tasha a Accra. A zango kuwa ba kotu ce abin tsoro ba, domin wanda aka zaga a iska da safe za a haɗu da shi a sahu ɗaya da azahar.

Abin da ya sa tallar ƙarya ta fi haɗari a tasharmu shi ne, sau da yawa muryar da ta karanta sanarwar rasuwar mahaifinka, ta yi masa addu'a har ka share hawaye, ita ce bayan minti biyar take yabon kwalbar magani. Tsohuwa ba ta raba biyun. Ta yarda da mai maganar ne tun farko, don haka ta yarda da kwalbar. Ba na zargin ma'aikatan, domin na san da yawansu abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, wasu ma da kason talla suke rayuwa. Amma zai yiwu a raba aikin: mai karanta sanarwa da labarai daban, mai talla daban, a kuma faɗa a fili kafin shiri da bayansa cewa wannan lokaci saye aka yi, sannan kada a buɗe wa mai magani makirufo sai ya nuna lambar rajistarsa.

Wannan yana bukatar kuɗin da zai maye gurbin wanda za a rasa, kuma ina ganin akwai inda za a same shi. WhatsApp bai kashe rediyo a zango ba. Abin da na lura shi ne, idan labarin rasuwa ya zagaya a waya, mutane sukan jira su ji shi a tasha kafin su ɗauki buta, saboda an sha kashe mai rai a saƙon murya. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da Hamburg da Jidda suna bin shirye-shiryen kai tsaye ta Facebook, suna aiko gaisuwa, kuma su ne suke aiko kuɗin gyaran masallatai da na tafsirin azumi. Idan ƙungiyoyinsu da na 'yan kasuwar Alabar da mahauta da direbobi suka ɗauki nauyin sa'ar sanarwa da shirin lafiya guda ɗaya a mako, wanda ma'aikaciyar jinya ta gaske za ta zauna ta amsa tambayoyi, mai tasha zai sami ƙarfin da zai ce wa mai kwalba ya dawo da takardarsa tukuna.