Talata a gindin firiji

Lezar da muke gwadawa a cikin firijin kwamfutar kwantam, don kai-komon saƙo ta haske, ta kama yau. Ku taya ni murna tukuna, domin mita na nan tafe.

Tun Asabar muka rufe firijin, kuma da safiyar nan muka tarar matakin cikin firijin da muka ɗaure ta a kai ya zauna daram a kelbin 4, wato wajen digiri 269 ƙasa da sifili. Dogo, abokin aikina, na ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan, ni ina kallon allo. Layin da ke kwance sai kawai ya miƙe tsaye. Ido ba ya ganin wannan hasken, sai na'ura, amma ihun da na yi ya sa Dogo ya ɓarar da kofi a kan takalminsa.

Masu tambayata dalilin da ba ma gwada ta a kan tebur mu huta: a ɗumin ɗaki da kyar take motsi, kuma da gangan aka ƙera ta haka. Irin VCSEL ce, wadda Kenichi Iga ya fito da dabararta a Tokyo a 1977, 'yar ƙwaya mai madubai sama da ƙasa, haske na fita ta samanta. Sanyi yana gajarta zangon hasken da sinadarin ke bayarwa. Sinadarin, galiyam asenaid, da ke ba da zangon kusan nanomita 870 a ɗaki, yana komawa wajen 820 a cikin firiji, alhali zangon da madubai ke karɓa kaɗan yake gusawa. Shi ya sa ake ƙera su a saɓe, sai sanyi ya kama sannan su haɗu, kamar rigar da tela ya ɗinka wa yaro da yawa don ya girma ya same ta.

Bayan azahar Oga ya shigo. Na juya masa allon ina ta washe baki. Ya gyara gilashinsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce: “Madalla. Nawa take ci?”

Na ce wajen miliwat 2.

Ya ce: “Matakin nan wat ɗaya da 'yan kai yake iya kwashewa. Ki jera irinta 500 a ciki, sai ki gaya mini me ya rage wa sauran kaya.” Ya ce mutanen NIST, hukumar ma'auni ta Amurka da ke Boulder, da suka sarrafa kiyubit (ƙwayar lissafin kwamfutar kwantam) ta zaren gilashi a 2021, a waje suka bar lezarsu, fotodayod, mai mayar da haske wutar lantarki, kawai suka saka a cikin sanyi. Ya ɗan buga tebur da yatsa, ya ce yana da taro, ya fita.

Ba faɗa ya yi ba. Ko murya bai ɗaga ba, kuma lissafinsa daidai ne. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har yanzu.

Sai da na hau bas amsoshi suka riƙa zuwa mini. Wa ya ce kowane kiyubit sai da tasa lezar? Zare ɗaya yana ɗaukar saƙonni birjik a lokaci guda. Kuma aika umarni ciki daban, fito da sakamako waje daban. In za ka fito da shi ta haske, ko dai ka kunna leza a ciki, ko ka turo haske daga waje ka rubuta saƙon a kansa ya koma, kuma hasken da aka turo ɗin ma wani kasonsa zafi yake zama a ciki. Amfilifayoyin da muke da su yanzu a wannan matakin, masu ƙara wa saƙo ƙarfi, fa? Kowace tana cin miliwat da dama, ba wanda ke yi musu gori. Ga kebul ɗin ƙarfe, waɗanda ko ba a aika komai ta cikinsu ba suna jawo ɗumin ɗaki zuwa ƙasa, inda kiyubit ke zaune a wajen milikelbin 10 zuwa 20. A can ƙasan, abin da firiji ke iya kwashewa da maikurowat ake ƙirga shi. Da IBM suka nuna na'urarsu ta kwantam, Condor, mai kiyubit 1,121 a Disambar 2023, da bakinsu suka ce wayoyin cikin firijin sun haura mil guda. Gilashi kuwa da kyar yake ɗaukar zafi. Duk wannan na tsara shi tiryan-tiryan, ba mai ji sai tagar bas.

Abin da ya fi ci mini rai ma wani ne. Lezar semikondakta ta farko, ta Robert Hall a 1962, sai a cikin ruwan naitirojin take aiki, a kelbin 77, ita ma walƙiya-walƙiya. Shekara takwas mutane suna fama kafin su Alferov a Leningrad da su Hayashi da Panish a Bell Labs su samu wadda ke ci ba ƙaƙƙautawa a ɗumin ɗaki a 1970. An sha wuya an fitar da ita daga sanyi, ni kuma ga ni ina ƙarar da ƙuruciyata wajen mayar da ita. In ta tabbata hanyar Oga ce za ta yi nasara, shekarun nan nawa a wane kundi za a sa su?

Rana ta faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Indomi da ƙwai.

Inna ta kira bayan isha'i, ta ce: “'Yar nan, fitilar taku ta kama kuwa?” Na ce ta kama, Inna. Ta ce alhamdu lillahi, to in riƙa sa safa kafin in shiga ɗakin firijin. Na gaya mata ɗakin zafi ma gare shi saboda injina, ba ta yarda ba. Maganar Oga ban kawo mata ba.

Auta, na ga saƙonka, ƙarshen wata insha Allahu, daina turo mini hoton takalmin.

Gobe za mu rage wutar mu ga iya inda za ta sauka saƙo bai lalace ba. Dogo ya ce shi zai kai wa Oga sakamakon. Na ce a'a, ni zan kai da kaina.