Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Takalmi da Hular Kwano

A makon jiya na tsaya a inda jirgin ƙasa ya kwashe mu daga Zariya, ya tsallaka gadar Binuwai a Makurɗi, muka nufi Inugu. Shekarar 1968 ke nan, ana tsakiyar yaƙin basasar Najeriya, wato yaƙin Biyafara, mu muna ɓangaren sojojin tarayya. Inugu ta riga ta faɗa hannun Runduna ta Ɗaya ta Kanar Muhammadu Shuwa tun Oktoban 1967, mu kurata aka tura mu cike gurbin waɗanda suka kwanta dama.

Kayan da na sauka da su ba su da yawa: kaki kore kala biyu, bargo, gorar ruwa, kwanon cin abinci, hular kwano, takalmi, sai bindiga. Ni Mak 4 aka ba ni, mai cin harsashi goma, wadda sai ka ja ƙarfe bayan kowane harbi. Mahaifiyata kuma ta ɗinke mini laya a cikin wuyan riga.

Hular kwanon nan ta yi mana aikin da ya wuce tare kai. Da ita muke ɗebo ruwan alwala, a cikinta muke jiƙa garin kwaki idan motar abinci ba ta iso ba, mu fasa kifin gwangwani ɗaya mu huɗu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai takalmi ne. Mu 'yan Arewa mun san damina, sai dai ba irin ta can ba. Ruwa ya kwana yana zuba, ya wuni, ramin da kake ciki ya cika har ƙauri, jar laka ta kama ƙafa kamar danƙo. Kwana uku ba ka cire takalmi ba, in ka cire sai ka ga tafin ƙafa ya yi fari fat, tsakanin yatsu ya tsage. Samanjanmu, dattijo ne da ya yi yaƙin Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, kullum da asuba sai ya bi mu rami rami.

"Kai yaro, cire in gani."

"Ranka ya daɗe, lafiya lau take."

"Na ce cire!"

Shi ya koya mana mu matse safa mu ɗaura a ciki, ƙarƙashin riga, zafin jiki ya busar da ita, mu shafa man ja a yatsu. Mutumin da ke da 'ya'ya kamarmu ya durƙusa cikin laka yana duba ƙafar kurtu. Har gobe ba na gama salla ban sa shi a addu'a ba.

Da wannan takalmin na taka har kusa da Okigwe, ƙasansa ya ɓare na ɗaure da waya. A can ne na fara jin ƙarar ogbunigwe, nakiyar da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu. Labarin wannan safiya, da abin da ya sami samanja, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.