Inci Biyu a Bayan Hilux

Gonarmu tana gaba da Kujama, a kan hanyar Kachia, kuma daga inda ake sauka daga kwalta zuwa bakin gonar tafiya ce marar tsawo amma mai cin mota, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa kan zaizaye hanya ya bar ramuka da kwazazzabai waɗanda sai an lallaɓa ake tsallake su. Motar da nake shiga da ita Toyota Hilux ce ƙirar 2008 mai ja da ƙafa huɗu, wadda na saya ta hannu, kuma ta shafe shekaru tana kai taki gona tana kawo masara gida. A daminar bara na lura cewa da zarar an ɗora mata buhun taki 12, wato kilo 600, sai bayanta ya zauna gabanta ya ɗaga, ta koma kamar kura, har ƙarfen bamba na baya ya riƙa sharar ƙasa duk lokacin da muke haurowa daga kwazazzabo.

Bayan Hilux ba shi da sarƙaƙiya. Aksul guda ne ya haɗa tayoyin biyu, a kansa kuma sifirin yake zaune a kowane gefe, wanda fallayen ƙarfe ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya aka ɗaure. Bakin sifirin na gaba a kafe yake jikin shasi, na baya kuwa yana rataye ne a wani gajeren ƙarfe mai lilo da ake kira shakul, domin sifirin yakan ƙara tsawo idan nauyi ya danne shi. Yubol biyu ne a kowane gefe suke matse shi da aksul. Wanda ya tashi a Kaduna ya san wannan tsari tun daga a-kori-kurar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kakuri a da, wadda direbobi kan ƙara wa falle kafin su fara jigilar hatsi da ita. Shokazoba kuma, wanda mutane da dama ke ɗora wa laifi idan bayan mota ya zauna, ba shi ne yake ɗauke da nauyin ba, aikinsa hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami.

Na fara ne da hanya mai araha, kuma ba zan ɓoye ba, son sauƙi ne ya kai ni. Wani bakanike ya ce a saka mini bulon ƙarfe mai kaurin inci biyu tsakanin aksul da sifirin, a sayo yubol masu tsawo, shi ke nan. Cikin yini guda aka gama, motar ta miƙe, ni kuma na dawo gida ina ganin na yi dabara. Sai da na koma gona da lodi na fahimci cewa gajiyayyen sifirin ɗin nan dai shi ne a ciki, yana lotsawa kamar yadda ya saba, an dai ɗora shi a kan kujera ne kawai. Sannan wani sabon abu ya ɓullo. Idan na taka mota a cikin yashi ko taɓo, sai ƙafafun baya su riƙa tsalle suna bubbugawa, domin bulon ya nisanta aksul da sifirin, ƙarfin da injin ke turawa ya sami damar murɗa aksul ɗin yana lanƙwasa sifirin, shi kuma yana ƙwacewa yana dawowa. A kan kwalta kuwa wata karkarwa ta fara tasowa daga ƙarƙashin kujera idan ina tashi daga tsaye.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran manyan motocin daji. Da ya leƙa ƙarƙashin motar bai yi magana a kan bulon ba tukuna, sai ya tambaye ni: “Malam, tun da aka yi wannan aiki, yaya kake jin birkinka idan ka yi lodi?” Na ce masa, “Gaskiya Baba, kamar ya ɗan yi sanyi, amma na ɗauka nauyin kaya ne.” Sai ya nuna mini wani bawul a jikin shasi, da wani siririn ƙarfe da ya taso daga gare shi zuwa aksul. Aikin wannan bawul shi ne auna yadda bayan mota ya zauna: idan akwai kaya sai ya sakar wa birkin baya ƙarfi, idan babu sai ya rage, don kada tayoyin baya su daskare motar ta juya. Da aka ɗaga bodi aka bar ƙarfen a inda yake, sai bawul ɗin ya riƙa ɗauka cewa motar ba ta da nauyin da take ɗauke da shi a zahiri, yana tauye wa birkin baya ƙarfi ina gangarowa da buhunan masara. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali cikin duk abin da na ji a ranar, domin na yi watanni ina tuƙi a haka ban sani ba.

Mun tattauna sauran hanyoyin. Ana iya sa shakul mai tsawo, amma tun da baki ɗaya na sifirin kawai yake saukarwa, ƙarin inci biyu a shakul kusan inci ɗaya yake bayarwa a tsayin mota. Ana iya kai fallayen wurin maƙera a bubbuge su a dawo musu da lanƙwasarsu, kuma akwai masu hannu a wannan aiki, sai dai ƙarfen da ya gaji ba ya daɗewa yake sake kwanciya. Ƙarin falle ɗaya a cikin jerin ya fi waɗannan ma'ana idan sauran fallayen suna da sauran ƙarfi, amma nawa sun riga sun miƙe, ɗaya ma ya tsage kusa da ƙusar tsakiya. Saboda haka muka tsaya a kan sabon sifirin gaba ɗaya, mai lanƙwasar da za ta ba da ƙarin inci biyu, wato kusan santimita 5, wanda aka ƙera don motar da ke yawo da kaya kullum. Sai da na zagaya kasuwannin Oriapata da Panteka kafin na sami wanda dattijon ya yarda da shi, kuma ya hana ni sayen mafi tauri, yana cewa ranar da motar ba ta da kaya ƙashin bayana ne zai biya kuɗin.

Yadda ya gudanar da aikin ya burge ni. Kafin ya kwance komai ya auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a ɓangarorin biyu ya rubuta, domin awo daga ƙasa yana canzawa da iskar taya. Ya jefar da tsofaffin yubol, ya ce wanda aka taɓa matsewa ya riga ya miƙe, ba a sake amincewa da shi. Ya sa shokazoba masu tsawon da ya dace da sabon tsayin, ya ɗaga shasi ya bar aksul ya rataya har ƙarshe don ya ga ko tiyon birki da wayar birkin hannu za su ɗame, kuma da tiyon ya ɗame sai aka canza shi da mai tsawo. Ya ɗaga mazaunin ƙarfen bawul ɗin nan da inci biyu daidai. Maganar karkarwa kuwa daga farfela take, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin injin zuwa aksul na baya, domin ɗaga mota yana canza kusurwar da take haɗuwa da aksul, sai ya ɗan saukar da mariƙinta na tsakiya da 'yan faranti har karkarwar ta ɓace. Notinan shakul bai ɗaure su tamau ba sai da motar ta sauka ta tsaya a kan tayoyinta, don kada robobin bushin su murɗe su yage da wuri.

Akwai abin da ɗagawar ba ta yi mini ba, kuma da na sani tun farko da na rage buri. Tulun nan da ke tsakiyar aksul yana nan a tsayinsa na da, domin tayoyi ne suke ɗauke da aksul, sifirin kuma abin da ke samansa kawai yake ɗagawa. Idan hanya ta yi kwari biyu da tudu a tsakiya, irin wanda tarakta kan bari, tulun zai ci gaba da karo da tudun sai fa in an sa taya mafi girma. Haka nan nauyin da kamfani ya ƙayyade wa motar bai ƙaru ba, tun da aksul da birki da shasi duk na da ne. Kuma abin da ya yi a Hilux ba lalle ya yi a wata motar ba: a Land Cruiser a-kori-kura ta jerin 70 sifirin yana ƙarƙashin aksul ne, don haka bulo saukar da ita zai yi, Prado kuwa sifirin mai naɗi take da shi a baya, tare da wani ƙarfe na gicciye da kan jawo aksul gefe guda idan an ɗaga ta.

Gaban motar ban taɓa shi ba, saboda haka idan babu kaya hancinta yakan ɗan sunkuya, wanda ya sa aka sake saita fitilu domin sun koma haska kusa, aka kuma yi saitin ƙafa. A kwana ina jin ta fi karkata kaɗan fiye da da, shi ya sa na rage gudu a shataletale. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na koma aka sake matse yubol ɗin, kuma kowane noti sai da ya ɗan ƙara juyawa, kamar yadda dattijon ya faɗa. A watan Agustan bana na shiga gona da buhun taki 12 kamar na bara, motar ta tsaya daidai gaba da baya, muka haura kwazazzabon bamba bai taɓa ƙasa ba, amma a kwarin tarakta da ke gab da gonar sai da tulun aksul ya kwashi laka, yara suka sauka suka tura.