Abin da ofishin gunduma ya koya mini game da biyayya

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ofishin kuɗi na gundumar ikkilisiyarmu. Masu tambayar dalili sun yi yawa, wasu a bakin coci, wasu ta waya, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka sani sun sani.

Babu abin da ake ja wa ma'aikacin ikkilisiya kunne a kai kamar biyayya. Ibraniyawa 13:17 kam mun haddace ta tun muna makarantar Lahadi: a yi wa shugabanni biyayya, domin su ne masu tsaron rayukanmu. Ban taɓa jayayya da wannan ba, har gobe ma ba na yi. Inda muka raba hanya da shugabana shi ne a kan hatsin matan zumunta.

Bayan girbi matan ƙauyuka suka tara dawa da masara don masu bishara da ke bakin daji, waɗanda wata ke wucewa ba su ga albashi ba. Da idona na ga wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta juye abin da bai kai mudu ba, tana ba da haƙuri wai damina ba ta yi mata kyau ba. Aka sayar da wani kaso, kuɗin ya shigo hannuna. Ana nan sai ga taron karɓar manyan baƙi ya matso. Baba Rabaran ya kira ni ofishinsa ya ce, "Ɗana, fitar da kuɗin nan a yi fenti, a sayi sa, a ɗinka wa 'yan komiti anko. A littafi ka rubuta tallafin masu bishara."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. In komiti ya yarda a ranta, zan rubuta rance, a biya daga baya. Amma hannuna ba zai rubuta an ba su abin da ba a ba su ba."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Duk ba aikin Ubangiji ba ne?"

Ranar Lahadi ya hau bagade ya buɗe 1 Sama'ila 15. Biyayya ta fi hadaya, taurin kai kuma ɗaya yake da bautar gumaka. Bai ambaci sunana ba, amma dattawa biyu sun juyo sun dube ni, matata kuma ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Da na koma gida na karanta surar daga farko har ƙarshe, abin da nake roƙon duk wanda ya halarci sujadar nan ya yi ke nan. Saul bai ƙi zuwa yaƙi da Amalekawa ba. Ya je, ya ci nasara, ya cika yawancin umarnin. Sarki Agag kawai ya bari da rai, da tumaki da shanu masu kyau. Da Sama'ila ya tambaye shi kukan tumakin da yake ji fa, amsarsa ita ce an kawo su ne don a yi wa Ubangiji hadaya. Wato shi ma cewa ya yi duk aikin Ubangiji ne. A aya ta 24 ya fito da gaskiya, ya ce tsoron jama'a ya ji, ya bi maganarsu. Surar da aka ɗauko don a ladabtar da ni, ita ce ta fi kowace gargaɗin wanda ya karkatar da abin da Allah ya ba shi umarni a kai, ya kuma lulluɓe shi da sunan ibada.

Dole in yi wa Baba adalci, bai sa ko sisi a aljihunsa ba. Kunyar baƙi yake gudu, kada a ce gundumarsa ta gaza. Wannan ne ma ya sa abin ke da haɗari, don ɓarawo kowa na gane shi, amma mai rabin biyayya da kyakkyawar niyya tafa masa ake yi. Hananiya da Safiratu ma ai baiko suka kawo, ba hannu wofi suka zo ba. Bitrus ya gaya wa Hananiya filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne. Ƙaryar da aka ɗora a kai ita ce laifin. A wannan sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni ne kuma Bitrus ɗin ya tsaya gaban majalisa ya ce dole a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Shugabannin addini yake gaya wa haka, har da babban firist.

Sauran labarin gajere ne. Aka karɓe littafin kuɗi aka ba wani, aka mai da ni lissafin kujeru da rumfuna. Taron ya yi armashi, an ci nama, an yi hotuna. Mutanen da suka same ni a ɓoye suna cewa "gaskiyarka ce" sun fi waɗanda suka buɗe baki a komiti yawa nesa ba kusa ba. Wani dattijo ya ƙarfafa ni da labarin Kalibu, wanda ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya, ya kuma sami Hebron. Na gode masa, amma na tuna masa Kalibu yana da shekara 40 aka aike shi leƙen asiri, sai da ya kai 85 ya karɓi gādonsa. Babu wanda ya yi mini alkawarin sakamako a wannan shekara.

Na koyi wasu abubuwan kuma. Kada ka karɓi baiko kai kaɗai, ko na naira ɗari ne. Umarnin baki kan kuɗi, ka nemi a rubuta. Ka girmama furfura ko da kana cewa a'a. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, har yau kuma ni ke fara gaishe shi.

Ga wanda zai gaje ni: rasit ɗin hatsin yana cikin fayil ɗin zumuntar mata, da sa hannun shugabarsu da na ma'ajiyarsu. Masu bisharar nan har yanzu suna bin gunduma kuɗinsu, ko da littafi ya nuna an biya. In ka sami dama a taron komiti na gaba, ka tayar da maganar.