Ƙofa ɗaya, dokoki biyu: abin da na gani a cibiyar iyali a Koriya ta Kudu

A ƙarshen 2021 na yi awa 160 na koyon aiki a wata cibiyar tallafa wa iyali a wani gari kusa da Seoul, lokacin ina karatun aikin jin daɗin al'umma. Na iso ana cikin sauya allon bakin ƙofa. A watan Oktoban shekarar Ma'aikatar Daidaiton Jinsi da Iyali ta raɗa wa irin waɗannan wurare suna guda, Cibiyar Iyali, bayan an daɗe ana haɗa su a hankali tun 2014.

Da can cibiyoyi biyu ne, kowacce da dokarta. Dokar iyali ta 2004 ta haifi ta farko, inda ake sasanta ma'aurata da taimaka wa iyaye da raino. Ta biyu ta fito daga dokar 2008, mai kula da iyalan da Koriyawa ke kira damunhwa, wato gidan da ɗan ƙasa ya auri baƙo. Yawanci mata ne daga Vietnam da Sin da Filifin, suna zuwa koyon harshe ko neman tafinta.

Amfanin haɗewar a ɗakin wasan yara na gan shi. Wata uwa 'yar Vietnam ta gaya min a da ba ta son a ga tana shiga tsohon ginin, don sunan damunhwa ya zama tambari, har yara na tsokanar ɗanta da shi a makaranta. Yanzu takan zauna a ƙasa kusa da matan unguwa, ana hirar zazzaɓin yara da tsadar kabeji. Wannan kaɗai ya sa na goyi bayan haɗewar da zuciya ɗaya, kuma har gobe ban sauya ba.

Kuskuren da na yi kuwa har yanzu yana damuna. Wasu miji da mata 'yan Uzbekistan suka zo neman malamar da ke bin gida-gida tana koyar da Koriyanci, saboda matar na da jariri ba ta iya fita. Na ce musu ba komai, ai yanzu ƙofa ɗaya ce. Da na kai takardarsu sai shugabar sashenmu ta buɗe min dokar 2008 ta ce, "Malam, karanta ma'anar iyalin tukuna." Sai da ɗan ƙasa a cikin auren, ko ta haihuwa ko wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa daga baya. Su kuwa duka baƙi ne. An haɗa gini da ma'aikata, amma sharaɗin wanda ya cancanci wannan hidimar yana nan inda yake. Abin ya taɓa ni sosai, domin ni da maiɗakina ma haka muke, babu ɗan ƙasa a cikinmu.

Daga ranar ban sake yi wa kowa alkawari ba sai na duba daga wace doka kuɗin shirin ya fito. Na kuma gane dalilin da ma'aikata ke ta cewa a gyara dokar kanta, don rahoto biyu suke rubutawa kan aikin da suka yi a ɗaki ɗaya. Tsofaffin tafintoci su kuma fargabarsu daban ce: kada a narkar da aikinsu cikin hidimar kowa da kowa, a wayi gari amarya ta zo ba mai jin yarenta. A ganina suna da gaskiya, kuma duk gyaran da bai ware wa tafinta kasonsa a rubuce ba zai bar baya da ƙura.

Washegarin ranar da aka buɗe min dokar na kira mijin nan ɗan Uzbekistan na ba shi haƙuri. Muka samo wa matar aji na safe wanda ke karɓar kowa, wata ma'aikaciya ta riƙa riƙe mata jaririn a ɗakin wasan har a tashi.