Godiya bayan ziyararmu gidan Eltz

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, mun je tsohon gidan sarautar Eltz da ke ƙasar Jamus mun dawo lafiya, manya da yara, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Da yake ni aka ɗora wa shirya tafiyar, dole in fito fili in yi godiya.

Iyayenmu mata da suka kwana suna suyar kaji da dafa shinkafa, Allah ya saka da alheri. Haka direbanmu mai haƙuri, da samarin da suka riƙe hannun Baba Alhaji a gangaren dajin nan har ƙofar gidan.

Godiya ta musamman ga ƙanwarmu mai karatu a Koblenz. Mai zagayawa da baƙi tana bayani da Jamusanci, ita kuma tana mayar mana da shi Hausa daki-daki, ba ta gaji ba. Ba don ita ba, da duwatsu kawai za mu kalla mu dawo. A bakinta muka ji cewa tun 1157 sunan zuri'ar Eltz ya bayyana a rubuce, kuma har gobe gidan yana hannun jikokinsu. A 1268 suka rabu gida uku, Kempenich da Rübenach da Rodendorf, amma babu wanda ya tashi. Kowa ya gina sashensa a kan dutse ɗaya, tsakar gida ɗaya, ƙofa ɗaya, kamar dai babban gida a wajenmu. Dutsen ba shi da faɗi, rafin Elzbach ya kewaye shi ta ɓangare uku, shi ya sa ginin ya yi ta miƙewa sama har hawa takwas a wasu wurare: ƙasa dutse, sama katako ja da farin shafe, rufi baƙi mai tsini. Sashen Rübenach an kammala shi a 1472, na Kempenich kuwa sai 1661.

Ni dai zauren taronsu ne ya fi tsaya mini a rai. An sassaƙa kawunan wawayen sarki a bango, alamar kowa ya faɗi abin da ke ransa ba tsoro, sannan ga furen wardi a saman ƙofa, alamar maganar da aka yi a ciki ba ta fita waje. Na ga dattawanmu suna gyaɗa kai.

Yara kuwa labarin yaƙi suka fi so. Daga 1331 zuwa 1336 Balduin, babban limamin coci na Trier, ya takura wa gidan, har ya gina ƙaramar ganuwa a tudun da ke fuskantarsa yana jifa da manyan duwatsu. Kangonta na nan, mun gan shi. A 1689 sojojin Faransa suka rusa gidajen sarauta da dama a yankin kogin Mosel, amma gidan Eltz ya tsira, saboda wani ɗan gidan hafsa ne a rundunar tasu. Na gode wa malamin Islamiyyarmu da ya zauna da yaran a mota yana amsa tambayoyinsu har muka iso.

Waɗanda suka biya wa ɗalibai kuɗin shiga suka ce kada a ambace su, mun ji, mun yi shiru, Allah ya san ku. Wanda aka ɓata wa rai a hanya ya yafe mana. Akwai rigar sanyi ta yaro da aka manta a mota, tana wajena, mai ita ya neme ni bayan sallar Juma'a.